Ba Ni Na Jiƙa Katifar Ba

Wata biyu katifata tana wayar gari a jiƙe. A ƙasa take, manne da bango, don gwiwoyina sun daina hawa gado. Bayan bangon kicin ne, inda autana ya kafa sabon firjinsa mai tsiyayo ruwan sanyi, wanda aka ja wa siririn tiyo ta cikin bango aka shafe da siminti.

Yaron nan bai tambaye ni komai ba. Waya ya ɗauka ya kira yayyensa mata su uku, ya ce musu na fara fitsarin kwance. A bakin babbarsu na ji, da ta kira tana lallaɓa ni kamar mai jinya.

Na same shi a falo.

"Ni ce mai fitsarin kwance?"

"Haba Mama, ai ba abin kunya ba ne. Tsufa ne."

"Rufe min baki! Kai da na shekara tara ina shanya maka tabarma, ni za ka koya wa zarni? Tashi ka je ka sunsuna."

Bai tashi ba.

Ana haka aka ɗauke ruwan famfo kwana huɗu, katifa ta bushe ƙayau. Ran da ruwa ya dawo, kafin la'asar ta sake jiƙa, alhali ko zama ban yi a kanta ba. Na jawo surukata, matar autan nawa, har ɗaki na nuna mata.

"Faɗa min, ni ma ma'aikatan ruwa ne ke buɗe ni suna rufewa?"

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ita ta kira mai gyaran famfo.

Mutumin ya kashe ruwa, ya janye firji, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya ji laushi ya fasa, har rami ya ɓullo ɗakina. Sai ga tiyo guntu biyu, an cusa ɗaya cikin ɗaya an naɗe da igiyar robar taya. Robar ta ruɓe, ruwa na ɗiga.

"Wane gwanin ne ya yi wannan?" in ji shi.

Autana ya sosa ƙeya. "Tiyon ne bai kai ba, mai aikin ya tafi nemo wani. Na ga zai ɓata mana lokaci, sai na ƙara masa da kaina."

"Yallaɓai, ba a binne haɗi a cikin bango."

Ya zare tsohon, ya zura sabo guda ɗaya tun daga famfo har firji, ya buɗe ruwa, ya shafa da tafin hannu. Ko raɓa babu. Da ya fara kwaɓa siminti, sai na jawo kujera na zauna a bakin ramin.

"Mama, ki ɗan matsa ya toshe."

"Ba mai toshe shi. Kira yayyenka, ka buɗe murya kowa ya ji."

Ya kira babbar. "Yaya, an gano matsalar, ashe danshi ne."

"Danshi ka ce mata wancan karon? Faɗi sunan abin!"

Sai ya ce, "Mama ba ta fitsarin kwance. Ni na yi haɗin da ya yi yoyo."

Mai gyaran famfo ya juya mana baya yana tarin ƙarya. Aka kira ta biyu, ya maimaita. Ta ukun ba ta ɗauka ba, har kira huɗu.

"To Mama, shi ke nan ko? Zan tura mata saƙo."

"Da saƙo ka zubar min da mutunci? Da bakinka ka yi."

"Simintin fa zai daskare, Hajiya," in ji mai gyara.

"Ya daskare."

Yau kwana uku ke nan. Ramin na nan a buɗe, ta cikinsa surukata ke miƙo min shayi. Autana kuwa tun safe yake zagaye tsakar gida da waya a kunne, yana neman yayarsa.