Sirdin Keken Albarika

Rachidou tela ya fito daga gida takalmi a hannu, muryar matar yayansa tana yi masa amo a kunne: "Yayanka Idrisu yana ta kiran sunanka tun safe. In za ka zo Djougou, to yau ne."

Kai, ranar ba ta zo da daɗi ba! Ruwan jiya ya cinye hanyar unguwarsu ta Albarika, 'yan zem masu mashin ɗin haya sun ce ko da kuɗi ba sa shigowa. Shi kuwa keken unguwa, wanda mutanen lungun suka yi karo-karo suka saya, Bachir mai kanti ya hau shi da safe ya tafi tasha. Ka'idar keken kowa ya san ta. Mai tafiya ya bar shi a tasha wurin mai shayi, mai dawowa ya hawo shi gida. Yau kuwa ba a ga wanda ya dawo ba. In ya taka da ƙafa, motar rana ta wuce shi, sai ta gobe.

Yana shan kwana sai ya yi turus. Ga keken nan a jingine a rumfar Hajiya Mubaraka mai ƙosai, jar laka sharkaf a tayoyinsa.

"Hajiya, wa ya dawo da shi?"

"Ji min yaro! Ba baƙonka ba ne?" Ta juya ƙosai ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wani gajere mai farar hula. Ya yi sallama, ya jingine shi, ya ce a bar wa sarkin latti. Na ce ƙosai fa? Ya ce ya ƙoshi."

Rachidou ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa sarkin latti. Ya dubi sirdin, an sauke shi ƙasa can. Haka Yaya Idrisu yake yi duk zuwan da ya yi nan Parakou, ya sauke sirdi don gajartarsa, ya manta bai mayar ba, dogayen unguwa su yi ta mita. Ya ɗora tafin hannu a kai. Da ɗumi, alhali keken a inuwa yake.

"Ina ya nufa, Hajiya?"

"Oho, ni ina ta kaskona."

Bai tsaya ɗaga sirdin ba. Ya haye haka nan, gwiwoyinsa suna neman dukan haɓarsa, yana ta datsa kududdufai. Tsoro yake ji, tsoro sosai, ga kunya kuma. Wata nawa ana ce masa jikin Yaya ya matsa, shi yana cewa bari ya gama ɗinkin sallah, bari damina ta ɗan lafa. Mutumin da ya raine shi, ya saya masa keken ɗinki na farko! Addu'a ɗaya yake maimaitawa, Allah ya sa ya same shi da rai, ko hannunsa ya riƙe.

A tasha ya miƙa wa mai shayi keken, ya ruga. Motar Djougou tana nan injin a kunne, fasinja suna ta fifita da tsaki.

"Kai ne Rachidou?" in ji ɗan kamasho. "Haba malam, ka shanya mutane! Shiga, ga kujerarka can gaba."

"Kujerata? Wa ya ce zan zo?"

"Yayanka mana. Ya sauko daga motar safe, ya kama maka wuri, ya ce don Allah a jira ka, kullum kai a makare kake. Dattijo ne, shi ya sa muka yi masa kara."

Rachidou ya zauna a hankali. Ta gilashi yana hango keken a gindin mangwaro, wani dogon fasinja yana kokawa da sirdin, ya ƙi ɗaguwa. Sai wayarsa ta soma ruri a aljihu. Ya ciro, sunan matar yayansa ne. Ya zuba wa wayar ido har ta katse, ta sake somawa.

Direba ya sa giya, ya ce, "An ce kana da mara lafiya. Kar ka damu, zan taka ta sosai."

Rachidou ya kife wayar a cinyarsa, ya share ido da bakin riga.

"A'a direba, tafi a hankali," ya ce. "Mun riga mun gaisa."