Tankar Yaƙi a Gonar Gyaɗa

Shekara goma sha ɗaya ina auren Malam Umara, shida daga ciki na yi su ne ina faɗa da tankokin yaƙi. Ba na gaske ba, 'yan ƙanana na roba, kowacce ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Gutsi-gutsi suke zuwa a kwali daga Kano. Idan ya taso daga firamaren da yake koyarwa sai ya zauna a zaure ya yi ta liƙa su da gam, ya yi musu fenti tsaf gwanin sha'awa, sannan ya koma ɓata su da hannunsa.

Ɓatawar ce ke ƙona min rai. Ya jiƙa ƙusoshi a ruwan tsamiya don ya sami tsatsa. Ya kankare baƙin gindin tukunyata ya goga a bakin bindigar. Rariyata ta tankaɗen garin tuwo kuwa ya ɗauke ta ɗungurungum, da ita yake tankaɗe ƙasar gona yana barbaɗa wa sarƙar ƙafafun. In na yi magana ya ce, "Hure, tankar da ba ta sha wuya ba ai ƙarya ce." Ni kuwa in ce namiji da furfura a gemu yana wasan yara, Allah ya shirya.

Yana ɗan shekara biyar mahaifinsa ya zo da shi ƙauyenmu na ƙasar Kunci daga Barno. A nan ya yi karatun allo, a nan aka binne iyayensa. Duk da haka Babarbare ake ce masa, da wasa dai.

Wata safiya cikin damina na leƙa ta katanga na hango shi kwance rub da ciki a gonar gyaɗarmu. Ya ɗora sabuwar tanka a kan kunya, ya kafa waya a ƙasa yana ɗaukar hoto. Da ya nuna min hoton sai ka rantse ta gaske ce. Ga tanka ƙatuwa duk tsatsa da laka, ga kukar bakin hanya a bayanta, ga hasumiyar masallacinmu. Ya tura wa masu irin sha'awarsa a waya. Yadda hoton ya fita daga can, Allah kaɗai ya sani.

Ran kasuwar Ɗambatta ya tafi sayen fenti. Bayan azahar maƙwabciyata Ramlat ta kira ni ta kan katanga, ta kunna min saƙon murya. Wani ne da ban san muryarsa ba yake rantsuwa cewa 'yan ta'adda sun ɓoye tankar yaƙi a bayan gidan wani mutumin Barno, ga hoto nan shaida, kowa ya tashi tsaye.

Ban gama ji ba na jiyo hayaniya. Ta kafar ƙyauren zaure na ga maza cike da ƙofar gida, da gorori da adduna da bindigogin toka. Mai unguwa Muhammadu Sani yana gaba yana ta ba su haƙuri, ba mai sauraronsa. Sai hancina ya jiyo warin fetur. Wanda ya riƙo galan ɗin fetur ɗin Sabiru ne, shugaban 'yan sintiri, aminin Malam da suke cin tuwo kwano ɗaya kullum a ƙofar gidan nan.

Abu ɗaya ya tsayar da su: gidan matar aure ne, maigida ba ya nan, ba wanda zai fara tsallaka zaure. Na ji wani yana cewa an tura samari tasha su tare shi. Motar Ɗambatta da la'asar take isowa. Na kira wayarsa sau bakwai, ba ta shiga. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na zura hijabi, na ɗora tankar a faifai, na buɗe ƙyaure.

"Baba," na ce da mai unguwa, "ga abin da kuke nema."

Nan take wuri ya yamutse. "Ta raina mana hankali! Waccan ta fi ɗaki girma!" Sabiru bai ko yarda mun haɗa ido ba. Cewa ya yi, "Maman Tahira, koma ciki, ba da ke muke ba."

Nan na tuna kwanciyar da na yi wa dariya. Na ratsa ta tsakiyarsu, ni da ko unguwa ba na fita sai da izini, har gonar gyaɗa. Na nemo kunyar da ta yi daidai da kuka, na ajiye tankar.

"Baba, sai ka kwanta."

"In me?"

"Rub da ciki. Ka ajiye waya a ƙasa ka duba. Don girman Allah, Baba, la'asar ta kusa."

Tsohon ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya tattare babbar rigarsa ya kwanta cikin laka, aka miƙa masa waya. Ya daɗe yana gyara ta. A daidai nan ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar.

"La'ilaha illallahu," in ji mai unguwa. "Ita ce. Ita ce wallahi!"

Maza suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, suna tashi da laka a ciki suna ƙyaƙyata dariya, har da masu yaba gwanintar Malam. Ni ihu nake yi: "Ku kira na tasha! Ku kira su!" Sabiru ya ajiye galan ya kira.

Sun riga sun sauke shi daga mota. Ya iso gida leɓe a fashe, aljihun riga a yage, samarin da ya koya wa karatu suna biye da shi suna ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, kuskure ne. Sai da na sa masa ruwan wanka ya ce, "Na ji warin fetur a ƙofar gida. Wa ya kawo?" Na ce ban lura ba. Ashe ya riga ya gane. Da magariba Sabiru ya yi sallama har sau uku, Malam ya ce in aika a ce ya kwanta.

Kwana huɗu bayan nan na shiga zaure shara, na tarar da tankokin nan goma sha huɗu jere a kan benci. Ya wanke tsatsar da lakar, ya shafe su duka da shuɗin fenti mai ƙyalli, irin na bokitin wanka.

"Malam, wannan fa?"

"Yanzu ko daga ƙasa aka duba, an san wasa ne," ya ce.

Ya miƙo min rariyata, ya wanke ta tas ta bushe. Shekara shida ina masifa a ba ni ita. Na karɓa na koma madafa, na zauna a kan turmi na yi ta kuka.