Likkafanin Inna Baraka

Da bakin sanda Zali ta ɗago farin ƙyallen daga cikin tukunyar ajiya. Ta fito da shi tsakar gida tana nesanta shi da jikinta, ta yar a gindin rumbu. Daidai nan Dije ta shigo da ƙwaryar kunu, ta ja ta tsaya.

"Zali, mi kika yi haka? Likkafanin Inna ne fa."

"Na sani. Ba shi ƙara kwana ɗaki guda da ɗiyana."

Dije ta ajiye ƙwaryar ta ɗauki ƙyallen ta kakkaɓe. Da bakin yatsu ta riƙe shi, amma ba ta bari Zali ta lura ba.

Danga ɗaya ce ta raba gidan Dije da na Inna Baraka a Buza. Tsohuwar ba ta da ɗa ba ta da jika. Zali matar ɗan ƙanenta ce da ke zaune da ita, mijin kuwa an kwashe su aikin hanya wajen Madawa. Tun da aka fara yankan gero Inna take kwance da ciwon ƙirji, kowa kuma ya san ba tashi za ta yi ba.

Ƙyallen nan da hannunta Inna ta tara shi. Ita ta tsinci audugar a fadama, ta gurje, ta kaɗa da mazari rani bayan rani, ta kai wa masaƙi, ta zauna ta harhaɗa da allura. Ubanta mai tsafin dutse ne, da warkinsa na fata aka rufe shi. Ita kuwa tun da ta kama salla take cewa ba ta roƙon kowa komai sai a sa ta cikin fari kamar kowane Musulmi.

To, ana saura kaɗan ta kwanta, wani Nasara ya zo da kamiyo, wato babbar mota, da injin silima. Iska ta yaga masa ƙyallen da yake haska silimar a kai a hanya, gardi, dogaran gwamnati, suka shiga gida-gida neman fari mai faɗi. Abin da Dije ta kasa mantawa shi ne, da suka shigo gidan Inna ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi tukunyar. Wani ya nuna musu. Ba ta taɓa tambayar Zali ba, ba ta kuma daina kallonta ba.

Bayan magariba aka ɗaure farin a filin kasuwa tsakanin itace biyu, duk gari ya fito. Aka ga wata yarinya Nasara ta hau bayan kifi mai fiffike, ta je wani daji inda itatuwa ke magana, don ta karɓo ƙanenta daga hannun wata tsohuwa mai dogayen farata. A ƙarshe tsohuwar ta faɗi ƙasa, ta zama hayaƙi. Yara suka yi ta tafi. Da safe gardi ya maido da farin, yana warin man inji.

Tun daga ranar ba a bar zancen ba. A bakin rijiya mata suka ce yarinyar ba ta da tarbiyya, tana ɗaga wa tsohuwa murya. Mahauta suka yi gardama kan kifin, ko ya halatta a ci. Wasu suka ce mutanen nan duk matattu ne Nasara ya kulle a akwati, shi ya sa ba su da launi. Amma maganar da ta zauna ita ce wadda Zali take maimaitawa yanzu.

"Mayya ta mutu cikinshi, Dije. Kowa ya gani. Ƙyallen da anka riga anka mutu ciki, shi za mu sa ma Inna? Ko so kike a ce ta koma ga tsahin ubanta?"

"Rage murya, tana ji."

Aka yi sallama a ƙofa. Manzo ne, tsohon soja, ya zo dubiya tare da Malam Sha'ibu limamin unguwa. Dije ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗaki. Manzo ya ga ƙyallen a hannunta ya yi dariya.

"Har yanzu kuna nan? Ni na hwaɗa muku, tatsuniya ce. Littahin yara ne can ƙasarsu, sunka mai da shi hoto. Na ga irinshi a bariki ya fi a ƙirga."

"Kai da ka sha ruwansu ai dole ka ce haka," in ji Zali. "In tatsuniya ce, don mi Inna ta kwanta bayan nan?"

"Don ta tsuhwa, Zali. Ke ma kina tahe."

Dije ta juya wajen liman. "Allah shi gafarta Malam, kai mi ka gani?"

Malam Sha'ibu ya daɗe yana shafa gemu. "Ni ban je ba. Haske in ya faɗa bisa bango ba shi ɓata bango. Amma wanga haske ban san da mi anka yi shi ba." Ya dubi ƙasa. "Akwai saura farin alawayyo wajena. Sabo ne, ba wanda zai ce komi."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya. "Dije."

Dije ta shiga. Tsohuwar ta rame har gadon kara ya yi mata faɗi. Idonta ne kawai bai canza ba.

"Na ji Malam. Ki yi mishi godiya. Ba ni son ƙyallen kanti."

"Inna, mutane ne..."

"Ni ma na je silimar. Kin manta? Baya na zauna, bayan ƙyallen, in ga ko sun huda mini shi." Ta yi tari mai tsawo, Dije ta tallafe ta. "Na ga tsohuwar. Ba ta da kowa, ɗiyata. Ta faɗi, ba wanda ya ɗauke ta, ba wanka, ba salla, yara na tafi. Ku kun ji tsoronta. Ni tausai ta ba ni."

Tsohuwar ta dubi hannun Dije.

"Ke ma kina tsoro. Na ga yadda kika riƙe shi, da bakin yatsu."

"Ina tsoro, Inna."

"To, warware shi ki ruhe ni. Yanzu, ina da raina. In akwai wani abu ciki, shi hito mu gana."

Dije ta dubi ƙyallen. Ba a lulluɓe mai rai da likkafani, ita dai ba ta taɓa ji ba. Amma tsohuwar ta kafe ta da ido. Ta warware farin, ta ninka biyu, ta rufe ta daga ƙafa zuwa haɓa. Zali ta leƙo, ta yi salati, ta janye 'ya'yanta zuwa gidan maƙwabta. Manzo ya daina dariya. Malam ya matso bakin ƙofa ya zauna, ya fara karatu a hankali.

Haka suka wuni. Labari ya zaga unguwa, mata suka riƙa zuwa da sunan dubiya, su tsaya daga nesa suna leƙen ƙyallen. Dije na gefen gado tana korar ƙuda da mafici. Ita ma idonta na kan farin. Duk sanda ya motsa sai ta tsai da maficin, sannan ta gane numfashin Inna ne ke ɗaga shi. Ta ga tabon mai a gefe ɗaya. Ta ga inda zaren ya yi kauri, na shekarar da idon tsohuwar ya fara rauni. Ba ta ga wani abu ba bayan wannan.

Wajen azahar Inna ta buɗe ido. "Ya hito?"

"Bai hito ba, Inna."

"Ki ƙara dubawa. Ke idonki sabo ne."

Dije ta sa tafin hannu duka biyu, ta shafa farin daga sama har ƙasa. "Ba komi sai aikinki."

Tsohuwar ta lumshe ido. Ana kiran la'asar ƙyallen ya daina ɗagawa.

Zali ta dawo tana kuka, cikin kukan tana cewa ga shi nan, ƙyallen ya cinye ta. Wata mata a tsakar gida ta ce a ƙone shi. Wata ta ce a aika a karɓo alawayyon Malam. Dije ta ji su duka. Ta ja farin daga kan gawar, ta fita da shi ta tsakiyarsu, suna darewa. Ta wanke shi da kanta a bayan ɗaki, ta shanya a kan danga, ta tsaya kusa da shi don kada wani ya taɓa. Rana na da sauran zafi, bai daɗe ba ya sha iska.

Ta kawo shi gaban liman ta durƙusa. "Malam, ta wuni cikinshi tana salati, kai ma ka ji. Ka gwada mini inda zan yanka."

Malam Sha'ibu ya dubi matan da ke tsaye, ya dubi Dije. Sai ya miƙa hannu ya kama gefen ƙyallen, ya auna da kamu, ya ce, "Nan."

Dije ce ta yi wankan, da wata tsohuwa daga ƙarshen unguwa. Zali ta tsaya a ƙofa tana miƙo ruwa. Da aka zo naɗewa, ba wanda ya kira ta, ta shigo ta kama wajen ƙafa. Kafin rana ta faɗi maza suka ɗauki Inna Baraka cikin farinta, Manzo na gaba da makara a kafaɗa.

Wani yanki ya rage, bai kai zane ba. Ba wanda ya ce yana so. Dije ta bar shi a kan dangar da ke tsakanin gidajen biyu, ta koma ta zauna a bakin ɗakinta. Can ta ɗaga kai ta ga yaran unguwa sun taru a gabansa, sun zauna a ƙasa sahu-sahu, sun naɗe ƙafafu, sun yi shiru suna jira kamar daren silima. Ba ta kore su ba.