Ranar da Surukata Ta Wanke Mini Teku

Saura mako shida Auta ta tafi makarantar kwana na sayo tankin gilashi. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, shekarunta sha biyu, kuma tun da aka yi mata maganar makarantar ba ta ƙara ce mini komai ba sai "to" da "a'a". Abu guda ta taɓa roƙona: kifin teku, irin ɗan jan nan mai ratsin fari. Na yi mata alkawarin za ta gan shi yana iyo a falonmu kafin ta ɗauki akwati.

Mai shagon kifi ya haɗa mini yashi, duwatsu masu ramuka, buhun gishirin teku da ɗan injin juya ruwa. Na ce, "To, kifin fa?"

"Babu kifi yanzu, maigida. Sabon ruwa kashe su yake. Kashin kifi yana zama guba, sunanta amoniya. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun zauna cikin ramukan dutsen nan, su ke cinye ta. Mako huɗu zuwa shida."

"Ina ake sayar da halittun?"

"Zuwa suke da kansu, in an yi musu girki." Ya miƙo mini mataccen jatan lande guda ɗaya a leda. "Jefa shi ciki ya ruɓe."

Maman yara ta daɗe tsaye gaban tankin, hannu a ƙugu. "Wato ka gina wa gawar jatan lande gidan gilashi, har da fitila."

Ni mai gyaran firji ne, na saba da ma'auni mai allura wanda ke faɗar gaskiya kai tsaye. Wannan kuwa launi ne. Kullum da safe in ɗebi ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga magani, in girgiza, in jira minti biyar, in kara ta da katin launuka. Kore guba, rawaya lafiya. Amma tsakanin kore da rawaya akwai launuka kamar bakwai da ban taɓa sanin an halitta ba. Na duba a taga, na duba a ƙarƙashin fitilar kicin. Ran nan har na sauka da kwalbar wurin telan da ke ƙasan benenmu, tunda shi ya san zare.

Ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya. "Wannan kore ne da ya fara nadama."

Da na dawo, Auta ta karɓe kwalbar daga hannuna. "Baba, kana zubar da mutuncinmu a unguwa. Kawo." Daga ranar ita ke karanta launi, ni ina riƙe agogo. Minti biyar ɗin nan na jira, a ciki na ji labarin ƙawayenta, da malamar lissafi, da cewa tana tsoron kada a ba ta gadon sama ta faɗo.

A mako na huɗu wani yauƙi ruwan ƙasa ya rufe duwatsun da yashin. Na ruga shago hankali a tashe. Mai shagon ya kama hannuna yana girgizawa. "Barka! Baƙi sun sauka. Kada ka taɓa komai."

A satin ne surukata ta zo ta kwana biyu, don ta yi sallama da jikarta. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Na yi niyyar yi mata bayanin tankin, amma ta ina mutum zai fara gaya wa uwar matarsa cewa yana kiwon ƙazanta da gangan?

Ranar Laraba na dawo aiki da la'asar, tun daga matakala nake jin ƙamshin lemun tsami. Tanki na ƙyalli. Duwatsuna jere a baranda bisa jarida, fari fat, suna shan rana. Maman yara ta fita kasuwa da Auta, babu wanda ya tare surukata.

"Sannu da zuwa, ɗana," in ji surukata, tana goge hannu. "Kada ka ce komai, na san aiki ya yi maka yawa. Sau uku na cuɗa su da sabulu. Akwai wani mushe ma a ciki, na yar. Ruwan kuma na ɗanɗana, gishirin ya wuce hankali. Na zuba na famfo, na sa cokali biyu kawai."

Na durƙusa. "An gode, Mama. Allah ya ƙara girma."

"Ba komai. Gobe in yi maka injin ma."

Na shiga banɗaki na ciji tawul.

Saura kwana goma sha biyar. Washegari muka tafi shago ni da Auta. Mai shagon ya shinshina dutse ɗaya, ya ajiye shi a hankali kamar mai ta'aziyya. "Sabulun ya shige ramuka. Sabon dutse, sabon jatan lande, sabon lissafi."

Na ja shi gefe, na rage murya. "Ɗan'uwa, taimaka. Ka ba ni kifin ranar tafiyarta kawai. Ta gan shi a falo, in dawo maka da shi da yamma."

"Ka dawo mini da shi a kwance, kake nufi."

"Yini ɗaya fa! Ba zai iya daurewa ba?"

"Baba, ina jin ka," in ji Auta daga bayana. "So kake in shiga mota ina tunanin ko ya mutu?"

Na ce mata na yi alkawari. Ta ce ta sani, ta ga lokacin da na kai wa tela ruwa.

Ta bi layin tankunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban wani ƙaramin kifi da ya ɓuya bayan bututu, kansa kawai ya leƙo. "Wancan. Mai kama da matsoracin nan. Ya zauna a nan har gidansa ya gyaru."

Mai shagon ya ɗauki alƙalami ya rubuta a jikin gilashin: NA AUTA NE. Ya ce zai riƙe shi, abinci sau biyu a rana, ruwa mai ɗumi daidai.

"Akwai manyan da za su dinga cin zalinsa?" na tambaya. "Wancan mai shuɗin ban yarda da idonsa ba. In ya ƙi cin abinci za ka kira ni? Ƙarfe nawa ake zuwa dubiya?"

Auta ta ja hannun rigata. "Baba, kada ka riƙa zuwa kullum. Za ka ba shi kunya a gaban sauran."

"Sau nawa to?"

Ta yi tunani, tana kallon kifin. "Sau biyu a wata. Amma in ka zo, ka daɗe."