Kaskon Bado na Inna Kulu

"Wannan kam ba zai taɓa likkafaninta ba," in ji Ummukulthum, ta fizge kaskon turaren daga hannuna.

Gawar Inna Kulu na ɗaka, an gama wanka. Shekara goma sha biyu ƙofarta na kallon tawa a unguwar Arba wa Nus, nan ƙasar waje, kuma kwana uku kafin ta cika ta riƙe mini hannu ta ce, "Mariam, da kaskona za ki turara mini likkafani. Kin ji?" Na ce na ji. To ga Ummukulthum, 'yar ƙanenta, mai karatun fiƙihu, ta tsaya mini a gaba.

Kaskon na tagulla ne, siffar fure buɗaɗɗe, da wata alama a gindinsa. A Wustul Balad, can tsakiyar birni, Inna ta saye shi.

"Yaya Mariam, furen nan 'yan Budda ke girmamawa. Alamar kuma ta Hindu ce, ta bautarsu. Na bincika."

"Ke dai kin bincika. Ita kin taɓa tambayarta?"

Raina ya ɓaci, wallahi, amma na sassauta murya.

"Bado take kiransa. Ta ce irinsa ne ke rufe ruwan Nguru, inda take tsinko shi da ƙanenta, babanki, tana goye da shi. Alamar kuwa talatin take karantawa. Ta saye shi a shekararta ta talatin rabonta da gida."

Ummukulthum ta juya gindin kaskon. Kai, ko ni sai na ga uku da sifiri ɓaro-ɓaro.

"Baba ne a bayanta?"

"Shi fa. Har cizonta ya yi a kafaɗa, ta nuna mini tabon."

Ta daɗe tana shafa ganyen furen da yatsa. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana sayar da turaren wuta a benen nan, ba ta taɓa barin asuba ta wuce ta ba, ita za a koya wa wanda take bautawa? Ban faɗa ba, amma a raina ina alfahari da Inna.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Ina garwashi?"

Ita da kanta ta zuba turaren. Muka kama farin ƙyallen, ni gefe ita gefe, hayaƙi na tasowa daga tsakiyar badon yana ratsa shi a hankali.