Madubin Madam Alisabatu

"Ka gaya mata mana, kai ne ubanta!" in ji Maryam matar Sadiƙu, tana share ido da bakin zane.

Sadiƙu ya dubi ɗiyarsa. Zaliha na tsaye a tsakar gida da jakar lakkwal, wato makaranta, a baya, idonta a kan bangon ɗaki. Kullum da safe maƙwabciyarsu Madam Alisabatu kan ɗaga guntun madubi ta saman katanga, rana ta buga shi, ɗigon haske ya yi ta rawa a bangon. Kiran Zaliha ke nan, don tun da sanƙarau ya tafi da jinta, ko ganga aka buga mata ba ta waiwayowa. Yau kuwa babu mai ɗaga madubi. Madam ta cika da safen nan a gidan likita, inda aka kai ta cikin dare, kukan gidansu har bakin titi ana jin sa, Zaliha kaɗai ce a unguwar ba ta sani ba.

To, da me zai gaya mata? Sadiƙu baduku ne, hannunsa ya san fata da basilla, amma bai san ko kalma ɗaya ta maganar hannu ba. Madam ce, tsohuwar malamar makaranta, ta dame shi har ya bar yarinyar ta shiga ajin kurame. Kowace Asabar malamin ajin kan tara iyaye ya koya musu. Maryam na fama da goyo, shi kuwa cewa ya yi, "Ni da gemuna in zauna cikin mata ina wasa da yatsu? Madam, ki tafi a madadinmu, ai duk ɗaya ne." Ta yi ta zuwa kuwa. Ko haƙori ke yi wa Zaliha ciwo, sai an leƙa katanga: "Madam, zo ki ji mi taka cewa." Kai, tafinta tsakanin uba da ɗiya!

Shekaranjiya da ya je duba ta, ta rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan.

"Sadiƙu, yarinyar nan kullum tana kiran ka baba da hannu, ba ka taɓa amsawa ba. Ka tafi ran Asabar."

"In kin warke mu tafi tare, Madam."

"Kai dai da wayo," ta ce, ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta.

Yanzu ga Zaliha ta gaji da jira, tana jan rigarsa. Ya nuna gidan Madam, ya ɗora kunci a kan tafukansa, ya rufe ido. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Ashe barci ta fahimta! Ta fita da gudu za ta tashe ta.

Ya iske ta a ƙofar ɗakin Madam, mata cike da tsakar gida, an naɗe katifa an jingine. Zaliha ta juyo tana tambaya da hannu, da sauri da sauri, tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya gane. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe Sadiƙu. Ya kama hannunta, ya tsai da kabu-kabu, sai lakkwal.

Mushe Attaher, malamin ajin, ya saurare shi, idonsa ya ciko.

"Allahu akbar, Madam! Amma Malam Sadiƙu, ba ni zan gaya mata ba. Wannan magana daga wurin uba ake jin ta. Zo in nuna maka."

Ya ja shi bayan aji. Sunan Madam wurin yaran, tafi ne a ɗage ana karkaɗa shi kamar madubi. Mutuwa kuwa, hannu biyu ne a shimfiɗe, su kife a hankali. Sadiƙu ya yi ta maimaitawa, yatsunsa masu jan rini sun ƙi lanƙwasa.

Ya dawo ya durƙusa a gaban ɗiyarsa cikin rairayi. Ya ɗaga tafi, ya karkaɗa. Zaliha ta buɗe ido, don ba ta taɓa ganin ubanta yana magana ba. Ta yi murmushi, ta kama babban yatsansa ta gyara masa, yadda ake gyara musu a aji. Sannan ya shimfiɗa hannuwa, ya kife su.

Murmushin ya daɗe bai gushe ba. Ta kama hannuwan ta birkice su sama. Ya sake kifewa. Ta sake birkicewa da ƙarfi, ya sake kifewa, hawaye na bin gemunsa. Daga nan ta saki, ta kifa kai a ƙirjinsa, ya ji kukanta yana ratsa haƙarƙarinsa.

Bayan an kai Madam, ɗanta Markus ya miƙo guntun madubin ta saman katanga. "Mama ta ce a ba ka."

Ran Asabar da hantsi, ranar ajin iyaye, Sadiƙu bai buɗe rumfa ba. Ya sa wankakkiyar riga, ya tsaya a gindin katanga yana neman rana da madubin. Da ƙyar hasken ya faɗa ta ƙofar ɗaki. Zaliha ta fito, ta dubi saman katanga, babu kowa. Sai ta sauko da idonta ƙasa kaɗan, ta daɗe tana kallon sa, ta koma ciki ta ɗauko takalmanta.