Injin da Bai Taɓa Ba Farfesa Kunya Ba

Shekara biyar ta yi tana jidon ruwa a jami'ar nan, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Bokiti. Famfon ɗakin gwaji ya mutu tun kafin ta zo, kuma bulon gwaji in bai kwana ashirin da takwas cikin ruwa ba, aikin banza aka yi. Don haka kullum da safe za ka gan ta, mace mai 'ya'ya biyu da digiri biyu, tana rangaji da bokiti daga tankin bayan sashe, ɗaliban da take koya wa lissafi suna gaishe ta suna ƙunshe dariya. Digirin digirgir take nema a fannin gine-gine. Dokar jami'a ta ce shekara biyar ce iyaka, kuma tata biyar ɗin za ta cika ranar Juma'ar ƙarshen wata. In Farfesan da ke duba aikinta bai sa hannu a kundinta kafin ranar ba, za a soke sunanta, shi ke nan.

Shi Farfesan nan, wani bulo ya ƙirƙiro wanda ake rage siminti a cike da tokar buntun shinkafa. Shekara ashirin yana cin albarkacin bulon. Da shi ya zama farfesa, da shi ya hau jirgi ya je taruka, hotonsa ma da ke bangon ofis bulon ne a hannunsa. An yi katanga da shi, an yi shaguna da ajujuwa na ƙasa, ba wanda ya yi ƙorafi. Aikin da ya ba ta shi ne ta nuna cewa bulon zai ɗauki bene. A kula da kyau, bai ce ta bincika ko zai ɗauka ba, cewa ya yi ta nuna. Ƙa'idar gini kuwa ta ce bulon da zai ɗauki bene sai ya kai bakwai a ma'aunin ƙarfi.

Ma'aunin yana hannun wani tsoho da ake kira Baba Mai Inji. Injin ƙaton ƙarfe ne kore, mai faranti biyu da suke matse bulo har ya fashe, da agogo a goshinsa wanda allurarsa ke nuna inda ƙarfin bulon ya ƙare. Baba ya shekara talatin da ɗaya yana shafa masa mai, kuma bai yarda ko inuwar ɗalibi ta faɗa kansa ba. Ɗalibai duka ya tsana, masu biro yake ce musu, amma ita tsanarta daban ce. Ranar da ta fara zuwa ta same shi zaune bakin ƙofa, ta ɗauka mai gadi ne, ta tambaye shi ina mai kula da inji. Wallahi shekara biyar tana ba da haƙuri, tsohon nan bai huce ba. In ta gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Gwajin ƙarshe ya faɗo ranar Litinin, saura kwana huɗu wa'adinta ya cika. Bulo goma sha biyu ta tsamo daga ruwa, kwaɓi ɗaya, rana ɗaya aka zuba su. Baba ya fasa shida, allura tana tsayawa a tara, wani lokaci tara da ɗan ɗigo. Yana ɗora na bakwai aka ɗauke wuta. Ya cire tabarau, ya ninke, ya ce ta dawo gobe. Ta ce masa gobe kwana ashirin da tara ke nan, Farfesa ba zai karɓa ba. Ya ce ai ba shi ke ba da wuta ba, ta je ta nemi mai ba da ita su yi magana.

Yayanta direba ne a wani kamfanin gina titi, kuma kamfanin yana da nasa ɗakin gwaji. Ta kira shi kamar za ta yi kuka. Ya zo yana mita, suka naɗe bulo shidan cikin jiƙaƙƙen buhu, ya roƙi mai gwajin kamfanin ya taimaka lokacin hutun rana, manya ba sa nan. Mutumin ya ɗora na farko, ya fashe a biyar da rabi. Na biyu biyar. Har na shida babu wanda ya leƙa shida.

Ta ce masa injinsu ba daidai yake ba. Mutumin bai ko ji haushi ba, ya nuna mata takardar da ke manne a jikin injin, ya ce duk wata shida masu saita ma'auni suke zuwa su gwada shi, zuwansu na ƙarshe wata biyu ke nan. Ya tambaye ta yaushe aka saita nasu na jami'a. A shekara biyar ba ta taɓa ganin wani ya zo ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta taɓa tambaya ba.

Washegari ta sami Baba yana goge farantin inji da tsumma. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta tausasa murya iyakar iyawarta, ta ce Baba ko akwai takardar saitin injin nan, don jiya ta ga wani abu da ya ɗaure mata kai. Ai kamar ta watsa masa ruwan zafi. Ya ce injin nan ya girme ta, daktoci goma sha ɗaya ya yaye, ba a taɓa samun mara kunyar da ya tambaye shi takarda ba sai ita. Ya ce wadda ba ta iya bambanta mai gadi da ma'aikaci ba, yau ita ce za ta koya masa aikinsa. Ya nuna mata ƙofa da tsumman, ta fita cike da takaici.

Ta hau sama wurin Farfesa. Ya saurare ta har ƙarshe yana juya biro, fuskar nan ba yabo ba fallasa, sannan ya tambaye ta ina takardar kamfanin mai hatimi. Ta ce babu, da hannunta ta rubuta lambobin. Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce wato ƙanwar direba ta kwashi bulonsa a buhu, ta kai wa masu facin kwalta, yanzu ta dawo da 'yar takarda za ta kifar da sashe guda.

"Kina nufin shekara ashirin ƙarya nake yi?"

"Ba kai ba, ranka ya daɗe. Injin nake nufi."

"Injin bai taɓa ba ni kunya ba. Ke ce ta farko."

Ya ce shidan da ta kai waje sun lalace a hanya, ta cike gurbinsu da irin abin da shidan farko suka bayar, haka kowa yake yi. Ta kawo masa tara ranar Juma'a, ko kuma kada ta kawo masa komai. Ta tsaya za ta ƙara magana, ya ɗauki waya ya kara a kunne, alhali ko ƙara wayar ba ta yi ba.

Shugaban sashe ta nufa daga nan, ta manta cewa shi ma yana cikin goma sha ɗayan da injin ya yaye. Tana fara bayani ya tashi ya tura ƙofa, ya ce mata shi bai ji komai ba, ita ma ba ta faɗi komai ba, kuma yana da taro.

Ranar Laraba ta koma wa yayanta, ta ce ya roƙa mata mutumin kamfanin ya ba ta sakamakon a takarda mai hatimi. Yaya ya kashe mota a bakin titi ya juyo ya dube ta. Ya ce ita dai ba ta san inda alheri yake tsayawa ba. Bawan Allah ya yi mata aiki a ɓoye, yanzu so take a kore shi, a haɗa da shi direban da ya kawo ta? Ya tuna mata wa yake kai 'ya'yanta makaranta shekara biyar don tana wurin bokiti, ya tuna mata mahaifiyarsu da ta gama shelanta wa dangi cewa ƙarshen watan nan za a gama. Ta ce masa Yaya bulon nan ba zai ɗauki bene ba. Ya ce shi bai ga bene ba, takarda ya gani.

"Rubuta masa taransa, ki karɓi abinki. In kin zama babba kya gyara."

Ta ji haushinsa ƙwarai, musamman da yake maganar ta shige ta. Ita ma ta san inda kundaye suke ƙarewa. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da aka jibge su har rufi, ɓeraye suna karatunsu, kuma guda biyu ma da su aka tokare ƙafar teburin sakatariya. Wa zai buɗe shafi na ɗari da arba'in ya duba jadawali? Ta ce wa kanta in ta fita da digirin, ita ce za ta fara rubuta takardar neman a saita injin, wanda aka kora kuwa ba a karanta takardarsa. Ranar Alhamis da hantsi ta zauna gaban kwamfuta a ofishin da suke rabawa su huɗu, ta goge biyar da rabi, ta rubuta tara. Sau shida ta yi haka, kuma ta ɗan sassaɓa ɗigon don kada su yi kama da juna. Wannan dabarar ta fi komai ba ta kunya, domin ba wanda ya koya mata ita.

Juma'a da safe Farfesa ya karɓe ta da fara'a, har da ce mata ta zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe kundin kai tsaye zuwa jadawalin, ya bi shi da yatsa, ya gyaɗa kai, ya zaro biro ya sa hannu a wuri uku. Ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta, har ta fara godiya. Sai ya jawo wata ambulan daga aljihun tebur, ya ce dama wannan ake jira. Hukumar gina makarantu ta daɗe tana son ɗora bene a firamare shida da bulonsa, abin da ya tsayar da su kawai shaidar gwaji. Ranar Litinin kwafin jadawalinta zai tafi tare da wasiƙa.

Ta ce ranka ya daɗe, a dakata. Ya ce a dakata da me, ba ita ta yi gwajin ba? Ya juyo mata shafin farko ya nuna mata inda ta rubuta da hannunta cewa duk abin da ke ciki aikinta ne kuma gaskiya ne. Ya ce shi mai duba aiki ne kawai, bincike nata ne, kuma ya kamata ta yi alfahari, ba kowane ɗalibi ne aikinsa ke fita daga ɗakin ɓeraye ba. Ya miƙo mata kundin, ya ce ta ja masa ƙofa.

Ba ta san yadda ta sauko ba, ta dai ga kanta a ɗakin gwaji rungume da kundi. Baba yana rufe tagogi. Wannan karon ba ta durƙusa ba, ba ta ma yi sallama ba. Ta ce masa za a gina wa yara bene da lambobin injinsa, injin da ke ƙara fiye da rabi a kan gaskiya, kuma in yana da sauran tsoron Allah ya zo su je ya faɗa da bakinsa.

Ta zaci zai yi faɗa. Ya ci gaba da saka sakata, ya ce ba fiye da rabi ba ne kullum, in bulon mai ƙarfi ne bai kai haka ba. Shekara goma sha takwas ke nan, tun ranar da aka canza wa injin ɗaki ya suɓuce wa masu ɗauka ya bugi ƙasa. Sau uku ya rubuta a zo a saita, sau uku takardar tana dawowa an rubuta a jira, da biron wanda ya sa mata hannu yau. Ya ce shi da ya tashi gina nasa ɗakuna biyun, bulon kasuwa ya saya, ko da Farfesa ya ce zai ba shi nasa kyauta.

"Ka sani, Baba, ka yi shiru? Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na faɗa miki me? Tun Litinin kin san abin da na sani." Ya zaro makullai daga aljihu. "Ni wata takwas ya rage min in ajiye aiki, kuma ban yi karatu ba, ba a neman sa hannuna a komai. Allura nake karantawa, abin da ta nuna shi nake faɗa. Shidan nan kuwa ko allurar ba ta gan su ba. Ke kika rubuta su."

Ya kashe fitila, ya ɗauki jakarsa, ya zo bakin ƙofa inda take tsaye, ya dube ta ido cikin ido a karon farko tun zuwanta jami'ar.

"Matsa, Dakta, zan rufe."